Wanda Ya Fita Ƙarshe

Laraba, 4 ga Yuni

Ko jaka ban ajiye ba sai ga Anti Sakatariya a ƙofar ɗakina tana murza hannu. Wai duk wasiƙun da ta buga wa Oga jiya sun ɓace. "Injiniya, wallahi na adana su." Kowa haka yake cewa. Tun da na fara aiki a kamfanin zanen gine-ginen nan ban taɓa ganin wanda ya zo ya ce ni ne na goge da hannuna ba. Fayil a ofishin nan ƙafafu gare shi, da kansa yake tashi ya yi gaba.

Na hau sama na duba. Babu su kam. Allonta ya koma yadda yake jiya da safe, kamar duk yinin zama ta yi tana kallon bango.

Na sake yi mata bayanin da na yi wa mutanen nan har bakina ya yi tsami. Kowane ma'aikaci yana da ƙunshinsa a saba, babbar na'urar da ke gurnani a kusurwar ɗakina. Furofayil ne sunansa na gaskiya, amma wa zan faɗa wa? Ka zauna gaban kowace kwamfuta ka shiga da sunanka, ƙunshinka ya biyo ka. Ka fita, a naɗe abin da ke gabanka a mayar saba, ya maye gurbin na da. Shi ke nan fa. Tana ta gyaɗa kai tana "to, to", ni kuwa na san ko kalma ɗaya ba ta shiga ba.

Na ce ta sake bugawa. Ai aikinta ke nan.

Alhamis, 5 ga Yuni

Firinta ta ƙi aiki, manya-manyan maza masu digiri sun kewaye ta suna jimami. Ba a jona ta da wuta ba.

Juma'a, 6 ga Yuni

Na jiya ma sun ɓace. Oga ya kira ni.

A ofishinsa na tarar da ƙanin matarsa, wanda nake kira Mai Kwat, don ko rana tana narkar da kwalta da kwat yake yawo. Wai shi ne mai ba kamfani shawara kan fasaha. Shi ya cika ɗakin zane na ƙasa da kwamfutoci masu manhajar kyauta, don ya san Oga in ya ji kalmar kyauta jikinsa rawa yake. Na sama kuwa, na ofisoshi, manhajar da kowa ya sani ce a kansu. Na sama da na ƙasa ba sa jin yaren juna. Ya sha yabo ya yi tafiyarsa, ya bar ni da su. Ni na zauna na rubuta abin da ya haɗa su, yadda ƙunshin mutum zai bi shi ko sama ya zauna ko ƙasa. Gada nake kiranta. Ita ce abu guda a ginin nan da nake kallo in ji ban yi karatun banza ba.

Mai Kwat ya gyara zaman kwat ɗinsa ya ce, "Gadar nan ce, Yaya. Na faɗa tun tuni." Ko buɗe ta bai taɓa yi ba, in ya buɗe ma ba zai san kanta daga ƙafarta ba. So yake a rushe ta a sayi wani tsari daga wurin abokinsa.

Na ce gadata ba ta taɓa cinye wa kowa ko waƙafi ba. A nemi matsalar a kan kujera, ba a cikin na'ura ba. Oga har da tafi don dariya.

Sai da na fito na tuna teburin Anti a bakin ƙofarsa yake. Ta ji. To, ta ji ɗin. Ƙarya na yi?

Litinin, 9 ga Yuni

Don kar a ce ban duba ba, na duba. Wayar kwamfutar Anti lafiya. Ma'ajiyarta lafiya. Babu ƙwayar cuta. Na bi ƙunshin kowa a saba, na tarar akawun kamfani ya cika nasa da finafinai, shi ya sa kullum yake ƙorafin shigarsa tana daɗewa. Mutum ya ɗora wa jaki kayan amalanke, sannan ya zo yana zagin jakin. Na goge, ban ma gaya masa ba, bari ya zo ya yi min bayanin abin da ya ɓace.

Na sauka ɗakin zane na tarar agogon kwamfutocin ƙasa ya kauce wa na saba. Na ce yawwa, ga ɓarawon. In agogo ya saɓa, tsohon abu yana iya shigowa da rigar sabo. Na daidaita su duka.

Ina can na ɓalle 'yan takardun da suke liƙawa a gefen allo da kalmar sirri a jiki. Kalmar sirri, a liƙe kamar tallar maganin basir! Doka a rubuce take, ni na rubuta ta, Oga ya sa hannu: wanda ya ba wani kalmar sirrinsa, kora. Wanda ya yi ta kuskure har saba ta kulle shi, sai sunansa ya shiga rahoton wata kafin in buɗe masa. Rahoton nan ne Mai Kwat yake karantawa ya zaɓo "waɗanda zamani ya wuce".

Abu ɗaya ya ba ni mamaki. Baba Rula, tsohon mai zanen nan da ke kusurwa kusa da taga, ba takarda a allonsa. A da shi ne babban kwastomana. Kowane mako sai ya zo da hularsa a hannu: "'Yata, abin nan ya sake guje min." Har na taɓa ce masa ko in rubuta masa a goshi. Watanni ke nan bai leƙo ba. Yau na gan shi zaune, allonsa a buɗe, yana kallon hoton wani fili yana ja da fensir. Ashe tsoho ma yana koyo in ya sha magana.

Laraba, 11 ga Yuni

Ba agogo ba ne.

Na rushe ƙunshinta gaba ɗaya na gina mata sabo fil. In wannan ma ya ɓace, to hannunta ne.

Juma'a, 13 ga Yuni

Ya ɓace. Wannan karon kuma da babba ya tafi: takardun neman kwangilar makarantar nan da Oga ya daɗe yana bi, waɗanda Anti ta yini jiya tana haɗawa, yau ne ranar miƙawa. Na duba ajiyar ko-ta-kwana, babu, don sai bayan an tashi take ɗauka, ita ma tsohon ta ɗauka. A kwamfutarta kuwa ba a barin komai in an fita, ni na tsara haka saboda ƙarancin wuri.

Har ɗakina nake jin muryar Oga. Ya ce mata ta tsufa, ya ce kanta ya fara zuba, ya ce akwai yara a waje masu takardu suna neman kujerar nan. Ya ba ta zuwa ƙarshen wata. In takarda ɗaya ta sake ɓata, ko kuwa Injiniya ta tabbatar laifinta ne, ta tattara nata-ya-nata. Ni kuma in kawo rahoto kafin nan.

Matar da ta riga rabin kujerun ginin nan zuwa. Ta tsaya kai a ƙasa. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ki buɗe baki mana ki kare kanki! Mutum ya tsaya kamar tunkiya, ai dole a hau shi.

An miƙa takardun a makare, rabi da rabi. Ban san ko za a karɓa ba.

Lahadi, 15 ga Yuni

Ina ba Baban yara labari muna ninke wanki. Bai ɗago ba ya ce, "Ke dai a wurinki kowa jaki ne." Na ce ba kowa ba, akwai awaki. Ya ce jikokinta ita take riƙe da su, ko ba haka na taɓa faɗa ba? Na ce to ni na goge mata takardun?

Ya ci gaba da ninke wankinsa.

Litinin, 16 ga Yuni

Taron ma'aikata. Oga ya ce in wayar musu da kai. Na tashi na yi musu da hannu da ƙafa kamar 'yan aji ɗaya. Na ce kowa ya riƙa fita kafin ya tashi. Na ce kada wanda ya shiga da sunansa a wuri biyu, don saba ba ta san mai gaskiya ba, wanda ya fita ƙarshe shi take ji. In ka shiga nan da safe, ka shiga can da safe, ka yini kana aiki a nan, sannan can ta fita bayanka, to ƙunshin safe na can ne zai danne aikinka na yini.

Wasu na hamma, akawu na latsa waya a ƙarƙashin tebur. Biron Anti ne ya faɗi ƙasa. Ta sunkuya ɗauka, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago fuskarta ta canza kamar an aiko mata da rasuwa.

Na ce a raina, kaico, yau dai magana ta shiga kan wani.

Laraba, 18 ga Yuni

Jiya ba abin da ya ɓace, karo na farko a ranar Talata.

Ina duba kwanakin sai na lura. Talata da Alhamis kaɗai abin ke faruwa, ranakun da Anti ta fara tashi da wuri a watan nan don ɗauko jikanta daga makaranta. Jiya kuwa ba ta tashi ba. Na bar ta zaune bayan kowa ya watse, wayarta tana ta ruri a jaka, tana kallonta ba ta ɗauka.

Na buɗe rajistar saba, inda take rubuta shiga da fitar kowa. Da tun farko na duba, amma wa zai zaci? Sunanta sau biyu yake shiga kowace safiya, sama da ƙasa. Sau biyu yake fita. Ranakun da ta tashi da wuri, na ƙasan ne na ƙarshe.

Wace kwamfuta ce a ƙasan? Allah Ya isa tsakanina da Mai Kwat. Da ya kafa su, guda ɗaya ya shirya ya kwafe ta a kan sauran, duk suna ɗaya suke amsawa. Ɗaki guda cike da tagwaye.

Wani ne ya sace mata kalmar sirri, ba shakka a liƙe ta bar ta wani wuri. Na sa ta canza a gabana, na ce ko mijinta ya dawo daga lahira kada ta faɗa masa. Ta ce to.

Alhamis, 19 ga Yuni

Da sabuwar kalmar aka shiga ƙasa yau da safe. Ashe ba sata ba ce, kyauta ce.

Ni za ta raina wa hankali? Ina ta wahala da agogo da waya, ita tana zaune ta san komai. Wa take rufa wa asiri, kuma me ake kwasa daga kamfanin da sunanta? Duk salihancin nan da sunkuyar da kai. Gobe zan kama su, in kai wa Oga su biyun a faranti.

Da ta tashi ɗauko jikan na ga ta buga duk aikinta na yau a takarda ta cusa a jaka. Wato gobe ta zo ta sake bugawa kafin Oga ya iso. Wayo a wurin wanda bai iya ba.

Juma'a, 20 ga Yuni

Na riga kowa zuwa, ban da mai gadi. Na zauna bayan babbar kabad ɗin da ake jera zane a ɗakin ƙasa, ni da digirina, a kan bokitin fenti.

Anti ce ta shigo. Ba ta ko kunna fitila ba, ta san hanya. Ta wuce kai tsaye kusurwar taga, ta kunna kwamfutar Baba Rula, ta shiga da sunanta. Ta buɗe masa jakar hotunan filaye, ta bar na aikin da yake kai a gaba. Ta goge madannan da gefen mayafinta. Ta feƙe fensir ta ajiye kusa da rula. Ta ja kujerar baya kaɗan, yadda mutum zai zauna ba tare da ya ja ba. Ta haura sama abinta.

Ban fito ba. Ban san dalili ba.

Can sai ga shi, 'yarsa ta rako shi har ƙofar ɗaki, ta gyara masa wuyan riga ta juya. Ya tsaya yana duban teburan ɗaya bayan ɗaya, yana murmushi, kamar baƙon da ya shigo gidan biki yana neman wanda ya sani. Da idonsa ya faɗa kan kujerar da aka ja, sai ya nufe ta.

Na koma ɗakina na duba sunansa a saba. A kulle yake tun watannin baya. Bai koyi komai ba. Zuwa wurina kawai ya daina.

Na kama ɓarawona dai. Sai in yi murna.

Litinin, 23 ga Yuni

Na tare Anti a ɗakin ajiyar takarda na rufe ƙofa. Na ce na gani.

Ba ta yi kame-kame ba. Ta ce tun bara mantuwa ta fara wa Baba. Sunaye suka fara tafiya, sai hanyar gida, shi ya sa yake zama har 'yarsa ta tashi aiki ta zo, bayan kowa ya watse. Ita kuma takan jira sai ya tafi kafin ta kashe tata kwamfutar, ban da ranakun ɗauko jika. Ƙarshen shekara zai yi ritaya. "So nake ya fita ta ƙofar gaba, Injiniya, a yi masa tafi. Ba a ce an sallame shi don ya ruɗe ba."

Na ce to ai sai ki sauka ki fitar da shi kafin ki tafi, ke ki zama ta ƙarshe. Ta ce ta yi tunanin haka tun ranar taro. Amma in allon ya rufe, tashi yake ya bi tebur-tebur yana tambayar mutane ina aikinsa, kuma lokacin ne Oga yake zagayensa na yamma.

Na ce, "Anti, kin san ke za a kora?" Ta ce ta sani. Ta ce ranar da ta fara zuwa ginin nan da goyo a baya, ko takarda ba ta iya sa wa tafireta ba, shi ya riƙa zama da ita lokacin hutu yana nuna mata, ya kuma ce wa mahaifin Oga ta iya. "In dole ne ki rubuta suna, rubuta nawa. Ki ce ni nake gogewa. Nasa kada ya fito."

Na ce mata wannan wauta ce, kuma wauta ce. Ranar da aka kore ta, wa zai buɗe masa washegari? Kwana nawa zai yi kafin a gane? Ko lissafin nan ba ta yi ba. Ga jikoki. Mutanen nan da zuciya suke tunani, shi ya sa komai nasu a karkace.

Na tambaye ta me ya hana ta zuwa wurina tun farko. Ta dube ni kawai, ta ce, "Wurinki?"

Ta buɗe ƙofa ta fita. Rashin kunya.

Talata, 24 ga Yuni

Kafin Baba ya kashe tasa na kwafe ƙunshin Anti na ajiye gefe, na mayar mata bayan ya fita. Ba don ita ba. Ba na son a sake cewa wani abu ya ɓace a sabata.

Na sauka da rana wai duba waya. Ya ɗago ya ce, "'Yata, ke ce sabuwar mai buga takardu?" Na buɗe baki zan ce ni ce Injiniya, wadda ta ce za ta rubuta masa a goshi. Na ce e kawai. Ya ce in na rasa gane wani abu in zo, kada in ji kunya, kowa da koyo ya fara.

Na tsaya ina kallon hannunsa. Zanen matakalar wani asibiti yake yi. Layi yake ja ba gargada, ya auna ya rubuta, ya sake ja. Yaran da ke kewaye da shi da kwamfutocinsu, shi suke kawo wa nasu ya duba, ya ɗora fensir ya ce nan ruwa zai kwanta. Kan ya manta sunana, hannun bai manta komai ba.

Waya lafiyarta lau.

Laraba, 25 ga Yuni

Na fara rubuta rahoto. Gaskiya ta kori mutum biyu, da dokar da ni na rubuta. Ƙaryar Anti ta kori ɗaya yau, ɗayan jibi. Na rufe.

Alhamis, 26 ga Yuni

Aikin kansa bai kai a faɗa ba. Na cire kwamfutar Baba daga gada. Na shirya ta yadda da an kunna za ta buɗe da kanta, ba suna ba kalmar sirri, ba ta ganin komai sai jakar hotunan filaye, ba ta mayar da komai saba. Na ba kwamfutocin ƙasa kowacce sunanta. Na ƙara wa gada sharaɗi, suna ɗaya ba zai shiga wuri biyu ba. Kafin shayina ya huce na gama.

Wannan shi ne abin da mata ta kusa rasa aikinta a kai. Da ta zo ta yi min magana tun watannin baya...

To, ba ta zo ba.

Saura abin da zan ce wa Oga. Takardun kwangila sun ɓace, dole wani ya ci su. Ba agogo, ba waya, ba Anti, ba Baba. Abu ɗaya ya rage a ginin, kuma nawa ne.

Baban yara ya ce me ya sa nake ta wanke kofi ɗaya. Na ce da datti.

Juma'a, 27 ga Yuni

Na faɗa. Mai Kwat yana zaune, don Allah Ya tsara sai ya ji da kunnensa.

Na ce, "Yallaɓai, na gano. Gadar ce. Wani lokaci takan mayar da tsohon ƙunshi a kan sabo. A kan Anti ya faɗa, amma kowa zai iya samu. Ba hannunta a ciki. Na gyara."

Gadata da ba ta taɓa yin abin da ba a sa ta ba.

Mai Kwat ya miƙe tsaye don daɗi. "Ban faɗa ba, Yaya? Ban faɗa ba?" Ya juyo ya ce min ba laifi, ƙanwata, irin wannan aikin sai an fita waje an gani. Ƙanwata! Mutumin da ya raɗa wa kwamfutoci ɗaki guda suna ɗaya.

Oga ya ce ina bakin nan nawa na a nemi matsala a kan kujera? Ya ce ashe kujerar tawa ce. Zan sami takardar gargaɗi. Daga yanzu duk abin da zan taɓa a saba sai Mai Kwat ya duba ya amince, kuma za a kira abokin nasa ya zo ya ga ko gadar za ta zauna.

Ya ƙwala wa Anti kira ya ce ta ci gaba da aikinta. Ko haƙuri bai ba ta ba. Ita kuma har da godiya.

Litinin, 30 ga Yuni

An karanta a taro. Akawu ya kalle ni yana murmushin mugunta, na san finafinansa yake ramawa. Wani daga baya ya ce ashe Injiniya ma tana kuskure, aka yi dariya. Na zauna na shanye. Garken tumaki, yau sun ga makiyayi ya faɗi.

Rahoton wata: waɗanda saba ta kulle, babu. Na buɗe sunan Baba na bar shi haka, ba mai shiga da shi.

Anti ce ta buga takardar gargaɗina, ita ta kawo min. Ta ajiye a tebur ta tsaya. Na ce kada ta soma, ban yi don kowa ba, rubuta dogon rahoto ne ba na so. Ta ce to. Ta gyara min labulen taga da ya karkace tun bara ta fita.

Alhamis, 3 ga Yuli

Mai Kwat ya zo duba aikina. Na ce masa ga gadar nan, ya ƙura mata ido yana "hmm, hmm". Jerin abin da zan saya a kasuwa na buɗe masa.

Anti ta tashi da wuri ta ɗauko jikanta. Ba abin da ya ɓace.

Talata, 8 ga Yuli

Anti ba ta zo ba, jikan ba lafiya. Ta bugo min tun da safe tana in-ina. Na ce na ji, na kashe, ba na son dogon zance.

Ni dama ina da wayar da zan duba a ƙasa. Tunda na sauka, sai na kunna wa Baba kwamfutarsa, ai dole in ga ko tana buɗewa daidai. Ta buɗe. Na jawo hoton filin asibitin gaba. Fensirin ya dakushe, ba kyan gani, na feƙe. Madannan duk ƙura, mutanen nan ba sa goge komai.

Har na kai ƙofa na tuna, na koma na ja kujerar baya kaɗan.

Da 'yarsa ta kawo shi ina tsugune gefen kabad da waya a hannu. Ya tsaya ya dubi teburan, ya ga kujerar, ya je ya zauna. Ya hango ni ya ce, "'Yata, yaya aikin? Kin fara ganewa?"

Na ce na fara, Baba.

Wayar ba abin da ya same ta. Amma irin wayoyin nan ba a yarda da su, gobe ma sai na duba.